Tsoffin maƙabartun da ke tsakiyar gonaki a ƙauyukan Amurka: wa ke da alhakin kula da su?

Ɗan_Hanya:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga waɗanda suka daɗe a ƙasar nan. Aikina raba kaya ne da mota, kuma tun watan jiya aka mayar da ni layin ƙauyuka a yammacin jihar Ohayo. Abin da nake ta cin karo da shi shi ne ƙananan maƙabartu, wata a bakin hanya, wata a kan ɗan tudu a tsakiyar gonar masara, ba gida kusa, ba coci, ba kowa. Jiya tayata ta yi faci, ina jiran mai gyara sai na taka zuwa wata da ke gefen hanyar. Na ƙirga duwatsu 23. Kusan rabi sun faɗi, wasu sun rabe biyu, wata bishiya ta tsiro daidai kan wani kabari ta ture dutsen. A jere ɗaya na ga ƙananan duwatsu huɗu, sunan mahaifi ɗaya, dukansu 1849, tsakanin Yuli da Agusta. Wallahi na daɗe a tsaye ban iya motsi ba. Shin waɗannan wuraren suna da mai su? Manomin ne, ko gwamnati, ko kuwa an bar su ke nan har ƙasa ta shanye su? Kuma in mutum yana son ya ɗan gyara, yana da izini?

Injiniya_Sabo:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena, ka faɗo inda na sani, don shekara tara na yi ina aikin safiyo a Ohayo da Indiyana. Bari in fara da yadda aka yanka ƙasar, daga nan amsar take.

A 1785 majalisar Amurka ta yi dokar auna filayen yamma. Aka yanka su murabba'i-murabba'i, mil 6 tsawo mil 6 faɗi, kowane ɗaya kuma aka raba shi kashi 36, kowane kashi eka 640. Wannan murabba'in mai mil 6 shi suke kira tawunshif, mu ce gunduma. Daga baya a jihohi irin su Ohayo, Indiyana da Mishigan gundumar ta zama ƙaramar hukuma mai cin gashin kanta a ƙarƙashin kawunti, wato yankin mulki da ke tsakanin jiha da gunduma. Ohayo kaɗai tana da fiye da 1,300. Kowace gunduma a can tana da amintattu uku da jama'a ke zaɓa, da mai riƙe da asusu guda. Aikinsu ƙananan hanyoyi ne, kashe gobara a wasu wuraren, sai maƙabartu. Dokar Ohayo ta ɗora musu maƙabartun jama'a da ke wajen birni. Ko ta coci ce, in cocin ya watse aka miƙa ta, wuyansu take komawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne maƙabartar iyali wadda ke cikin gonar wani. Ita lamarinta daban ne, sai an duba takardar filin. Ka nemi sunan gundumar, yawanci yana rubuce a allon bakin hanya, ka kira ofishinsu. Matambayi ba ya ɓata.

Talatu_Nas:
1849 kuma Yuli da Agusta? Ni dai zuciyata ta ba ni kwalara ce. A shekarar ta yi ɓarna sosai a Ohayo, musamman Sinsinati, ta bi koguna da hanyoyin ruwa ta shiga ƙauyuka. Lokacin ba a san ruwan sha ne ke ɗauke da ita ba, rijiya da masai suna kusa da juna. Yaro in ta kama shi da safe, wani lokacin ba ya kai dare. Ka yi tunanin uwar nan. Huɗu cikin wata biyu. Allah Sarki.

Mai_Nazari:
Anti Talatu, mai yiwuwa ne ƙwarai, amma kada mu yanke. Mashaƙo da jan zazzaɓi su ma sukan share 'ya'yan gida guda cikin mako biyu. Akwai kuma wata cuta da ta addabi mazauna farko a wannan yankin, suna ce mata ciwon madara. Saniya ta ci wani tsiro mai farin fure da ke fitowa a inuwar daji, gubar ta bi nono, wanda ya sha ya kwanta. Ita ta kashe mahaifiyar Abraham Lincoln a Oktoban 1818, yana ɗan shekara 9. Kabarinta yana nan a kudancin Indiyana, a wata 'yar maƙabarta irin wadda Ɗan_Hanya ya kwatanta. Bambancin kawai ɗanta ya zama shugaban ƙasa, shi ya sa tata take a share.

Zinariya:
Ni abin da ban gane ba, me ya sa suke da yawa haka? Gari ɗaya ba maƙabarta ɗaya ta isa ba?

Injiniya_Sabo:
'Yar'uwa, ai ba gari ba ne. Gidaje ne a warwatse, kowa a tsakiyar gonarsa, maƙwabcinka yana rabin mil ko fiye. Hanya laka ce, abin hawa keken doki. Yi wa gawa magani don ta jima bai yaɗu ba sai bayan yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865. To mutum ya rasu da zafi, dole a binne shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai mai gona ya zaɓi tudu a bayan gida inda ruwa ba ya kwanciya. Maƙwabci ya yi rashi, ya roƙi wuri kusa. Haka ake farawa. Na taɓa aiki a wata gunduma da muka sa maƙabartu goma sha ɗaya a taswira, kuma dattawan wurin suka ce akwai biyu da garma ta riga ta cinye.

Baba_Tsoho:
Garma ta cinye? Kana nufin an nome kabari?

Injiniya_Sabo:
Eh Baba, hakan nake nufi. Iyali sun sayar da gona sun yi yamma, sabon mai gona ya sayar wa wani, na uku bai san kowa a ciki ba. Shekara ta farko tarakta ta ɗan ci gefe. Ta biyu a jingine duwatsun a gindin bishiya. Bayan shekara ashirin sai waken soya. Na ga dutsen kabari da aka kifa aka yi matakalar ƙofar rumbu da shi. Da idona.

Baba_Tsoho:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Hajiya_Turai:
Mu nan Indiyana mutum ɗaya ne amintaccen gunduma, ba uku ba, sai 'yar majalisar da ke duba kasafinsa. Doka ta ce maƙabartar da aka yi watsi da ita, wadda aka kafa kafin 1939 kuma ba ta da kuɗin kula da kanta, shi zai kula da ita: ya yanke ciyawa, ya miƙe duwatsun da suka karkace, ya yi shinge. Kuma ba a yarda ka tona ƙasa don gini a cikin ƙafa 100 daga kabari ba sai hukumar jiha ta amince da tsarinka. A takarda abin gwanin sha'awa. Amma maƙwabciyata ta yi aiki a irin wannan ofishin, ta ce kuɗin da ake warewa ciyawa ce ke cinye shi tun kafin kaka. Ofishin guda ne kuma ke biya wa talaka kuɗin wuta da na haya in ya rasa, shi ne ke binne wanda ya mutu ba shi da kowa. In kai ne, tsakanin mai rai da ke neman ɗumi da hunturu da dutsen wanda ya rasu shekara 170, wa za ka fara ba?

Lawwali_K:
Hajiya kin faɗi abin da ke raina. Ku yi haƙuri jama'a, amma ni ban ga dalilin kashe harajin mutane kan duwatsu ba. Jikokinsu ma sun manta da su. Wanda ya mutu ya mutu, dutse ba ya ƙara masa komai, ba ya rage masa komai. A bar ƙasa ta yi aikinta.

Bitrus_A:
Malam Lawwali, na yarda dutse ba ya amfanar mamaci. Mu ma a coci haka ake koya mana. Amma wanda ya ba da filin nan ya ba da shi ne da sharaɗin a bar mutanensa su kwanta lafiya, kuma jama'ar wurin suka karɓa. Alkawari ne. Mutuwar wanda aka yi wa alkawari ba ta warware shi. Ni ina cikin masu sa kai a wata 'yar maƙabarta kusa da inda nake, mu shida ne, ba wanda ke da dangi a ciki. Sau biyu a shekara muke zuwa. Bara wata tsohuwa ta zo daga can gaɓar yamma da jikarta, tana neman kabarin kakan kakanta. Da ba mu sare ƙayar da ta rufe shi ba da ta koma ba ta gan shi ba. Ta zauna a ƙasa tana shafa rubutun. Daga ranar ban sake tambayar kaina ko aikin yana da amfani ba.

Lawwali_K:
Sa kai daban, haraji daban. Ban hana kowa zuwa da lauje ba.

Hajiya_Turai:
Lawwali, kada ka ɗauke ni a matsayin mai goyon bayanka gaba ɗaya fa. Na ce kuɗin ba ya isa, ban ce a nome mutane ba.

Ummu_Hanan:
Don Allah malamai a cikinmu, ya halatta Musulmi ya shiga maƙabartar waɗanda ba Musulmi ba, har ya yi shara? Ina tambaya ne tsakani da Allah, ba don in kushe ɗan'uwanmu ba.

Malam_Haruna:
Tambaya mai kyau, Allah ya yi miki albarka. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ziyarar kaburbura da farko, daga baya ya yi izini saboda tana tuna lahira. Ya kuma tabbata an wuce da gawar wani Bayahude ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ko wane ne, ya nuna cewa ai rai ne shi ma. Malamai da yawa sun tafi a kan cewa shiga don wa'aztuwa babu laifi. Abin da ya keɓanta da Musulmi shi ne sallama irin ta ma'abota kabari da nema musu gafara. Cire ƙaya da hana a tattake ƙasusuwan ɗan Adam kuwa, ni ban ga abin hani a ciki ba. Allah ne mafi sani. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi limaminsa.

Ummu_Hanan:
Na gode, Allah ya gafarta Malam.

Ɗalibi_Auwal:
Ni fa na karanta cewa maƙabartun karkara a Amurka an fara su ne a 1831 da Mount Auburn kusa da Bostin. To yaya ake cewa akwai na 1818?

Mai_Nazari:
Auwal, sunan ne ya ruɗe ka, kuma ba kai kaɗai ba. Abin da masana tarihi ke kira salon maƙabartar karkara ba na ƙauye ba ne. Manyan lambuna ne da attajiran birni suka kafa a bayan gari lokacin da harabar coci-coci ta cika: Mount Auburn a 1831, Laurel Hill a Filadelfiya a 1836, Green-Wood a Buruklin a 1838, Spring Grove a Sinsinati a 1845. Suna da tafkuna, da hanyoyi masu lanƙwasa, mutane har yawon shan iska suke zuwa. Waɗannan suna da kamfani da asusu da ma'aikata. Wadda Ɗan_Hanya ya gani ta manoma ce, ba ta da ko littafin rajista.

Ɗan_Hanya:
Na gode ƙwarai jama'a, ban zaci za a amsa haka ba. Yaya Sabo, na ga sunan gundumar, gobe in Allah ya kai mu zan kira. Amma ranar Asabar ina da hutu, na yi niyyar in tafi da bilic da burushin ƙarfe in wanke na yaran nan huɗu, don gansakuka ta rufe sunayen.

Bitrus_A:
A'a! Ɗan'uwa don Allah kada ka yi. Garin neman gira za a rasa ido. Fararen duwatsun nan na shekarun 1840 zuwa 1880 yawanci mabul ne, mai laushi ne, ruwan sama ma cin sa yake. In ka shafa hannu ka ji kamar sukari yana zuba, to fuskar dutsen ta riga ta mutu, ko taɓawa kada ka yi. Bilic yana barin gishiri a cikin dutse, ya ci shi daga ciki. Burushin ƙarfe zai tafi da haruffan gaba ɗaya. Injin feshin ruwa mai ƙarfi ya fi su duka ɓarna. Abin da aka koya mana: ruwa zalla mai yawa, burushi mai laushi, ɗan katako na kankare gansakuka, a fara daga ƙasa a yi sama. Akwai wani ruwan magani da ake kira D/2 wanda masu gyaran kaburburan sojoji ke amfani da shi, a fesa a bar shi, makonni yana aiki.

Kuma kada ka yi ƙoƙarin ɗaga wanda ya faɗi kai kaɗai. Nauyinsu ya wuce yadda ido ke gani. Kada kuma a dasa shi cikin siminti, don siminti ya fi shi ƙarfi, in ƙanƙara ta motsa ƙasa dutsen ne zai karye daidai wuya. Mun gaji irin wannan gyaran na mutanen da suka yi da kyakkyawar niyya shekaru hamsin da suka wuce, yanzu ba ya warwaruwa.

In karatun kawai kake so, tafi da madubi. Ka karkato hasken rana ya bi gefen dutsen, sai ka ga rubutun ya taso.

Injiniya_Sabo:
Ƙari a kan na Bitrus: kafin komai, izini. In filin na manomi ne, shigarka ba sallama keta haddi ne a dokarsu. Wasu jihohin kamar Bajiniya sun ba zuri'ar mamaci da masu binciken asali damar shiga bayan sanar da mai fili, amma kowace jiha da tata dokar, kuma kai ba zuri'a ba ne. Ka ƙwanƙwasa ƙofa da rana, ka gabatar da kanka. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Kande_M:
Ina karantawa tun jiya ban ce komai ba. Kuna ta maganar duwatsu. Waɗanda ba su samu dutsen ba fa? Bayin da aka kwaso daga nahiyarmu, da 'ya'yansu bayan an 'yanta su, yawanci a gefen gona ko bakin fadama aka binne su, alamar kawai wani ɗan dutsen daji ko itace. A Niyu Yok sai 1991 aka gano tasu, ana tonon harsashin ginin gwamnati, aka fito da ƙasusuwan mutum 419, ba a mayar da su ƙasa ba sai 2003. Wannan a tsakiyar birni ke nan inda akwai 'yan jarida. Na ƙauye wa ya ƙirga su? Sai ƙarshen 2022 majalisarsu ta yi dokar tallafa wa adana maƙabartun baƙar fata. Haka gidajen gajiyayyu na kawunti, lamba kawai ake sa wa mutum a kan ɗan bulo. In littafin ya ɓata, sunan ya tafi.

Mai_Nazari:
Gaskiya ne Kande. 'Yan asalin ƙasar ma haka. A 1971 ana aikin hanya kusa da Glenwood a jihar Ayowa aka tono wata tsohuwar maƙabarta. Turawa 26 aka sake binne su nan take. Mace guda da jaririnta, da aka gane 'yan asalin ƙasar ne, aka zuba ƙasusuwansu a akwati aka kai ɗakin bincike. Wata mata 'yar ƙabilar Yankton mai suna Maria Pearson ta je ofishin gwamna Robert Ray ta ƙi barin maganar. A 1976 Ayowa ta zama jiha ta farko da ta yi dokar kare tsoffin kaburbura irin waɗannan, ta tarayya kuma ta biyo a 1990. Ita Ayowa har ma'ana ta ba irin maƙabartar da muke magana: wadda ba a binne fiye da mutum 12 a cikinta ba cikin shekara 50 da suka wuce, ita ce ta mazauna farko, kuma kawunti na iya kafa kwamiti na musamman ya karɓe ta daga hannun gunduma.

Zinariya:
To in ba dutse yaya ake gane akwai kabari?

Injiniya_Sabo:
Ƙasa tana faɗa. Akwatin katako in ya ruɓe sai wurin ya lotsa, ka ga ramuka masu tsawon mutum a jere, duk sun miƙe gabas da yamma, don Kiristocin lokacin kai a yamma ƙafa a gabas suke binnewa. Tsiro ma yana faɗa. In kana tafiya a daji ka ga wani ganye mai sheƙi da shuɗin fure ya shimfiɗu kamar darduma, ko tsohuwar bishiyar sida ita kaɗai a kan tudu, ka taka a hankali, wani ne ya shuka su. Yanzu kuma akwai na'urar rada da ake turawa kamar keken jarirai, tana nuna inda aka taɓa tona ƙasa. Kusan duk inda na ga an yi wannan awon, kaburburan sun fi duwatsun yawa, kuma sukan wuce shingen. 23 ɗin da ƙanena ya ƙirga, zan yi mamaki in su ke nan.

Hajiya_Turai:
Wannan ya tuna mini da kabarin tsakiyar titi da ke kawuntin Johnson a nan Indiyana. Wata mata Nancy Barnett ta rasu a 1831, aka binne ta a kan tudu. Da aka zo yin hanya a farkon shekarun 1900, jikanta ya zauna a kan kabarin da bindiga, dole aka raba hanyar biyu ta zagaye shi. Kowa ya ɗauka ita kaɗai ce a wurin. A 2016 da aka tona don gyaran hanyar sai aka sami mutum 7, har da yara. Na bi ta wurin sau biyu.

Lawwali_K:
To kun gani. Ita tana da jika mai bindiga. Maganata ke nan, dangi ne ke tsare kabari, ba hukuma ba.

Kande_M:
Wanda aka sayar da 'ya'yansa zuwa wata jiha fa, Malam Lawwali, ina zai samo jikan?

Talatu_Nas:
Wani abin da ba a ambata ba. Wata abokiyar aikina ta kai ni Bigelow a kawuntin Madison, nan Ohayo. Rabin eka ce kacal, gonaki sun kewaye ta ko'ina. Da yake ba a taɓa sa mata garma ba, ciyayi da furannin asalin yankin, waɗanda noma ya shafe a sauran wurare, suna nan a tsakanin kaburburan. Tun 1978 jiha ta mayar da ita wurin da doka ta kare. Da rani ciyawar takan kai kafaɗa, da gangan ake barin ta. Don haka ba kowace maƙabarta mai dogon ciyawa ce aka yi watsi da ita ba. Ɗan_Hanya, ka duba ko akwai allo kafin ka sa injin yanka.

Alhaji_Mudi:
Ni tsoho ne a ƙasar nan, shekara 31. Abin da ya sa nake bin wannan zancen shi ne mu ma nan za a binne da yawanmu, ko mun so ko mun ƙi. Ku je Ross a Dakota ta Arewa ku gani. Manoma Musulmi daga ƙasar Sham suka zauna a can, suka gina masallaci a 1929, da maƙabartarsu a gefe. Zuri'ar ta watse, tsohon ginin aka rushe, sai a 2005 aka sake gina ɗan ƙarami don tunawa. Maƙabartar tana nan a tsakiyar fili, iska kawai. Su ma lokacin da suke binne iyayensu ba su zaci wata rana za a rasa mai zuwa ba.

Yau al'ummominmu suna sayen fili a ƙauye saboda ya fi araha, kuma izinin yana hannun irin waɗannan hukumomin gundumar. A Minesota gundumar Castle Rock ta hana wata ƙungiyar Musulmi izinin kafa maƙabarta a 2014, sai da kotu ta soke hanin a 2016. To a ce an samu filin. Wa zai yanke ciyawa a 2120? Ina cikin kwamitin jana'iza na masallacinmu, kullum faɗan da nake yi ke nan: duk kabarin da aka sayar a ware wani kaso a asusun da ba a taɓa uwar kuɗin, a rubuta taswirar wa ke ina, a kai kwafi ofishin rajistar filaye na kawunti. Tunda mu ba ma yin manyan duwatsu, takarda ce kaɗai za ta tsare mu.

Malam_Haruna:
Alhaji, Allah ya saka da alheri. Wannan magana ce da ya kamata a kai ta gaban kowane kwamiti. Sanya alama don a gane kabari yana da asali a sunna, abin da aka hana shi ne gini da ƙawa.

Ɗalibi_Auwal:
Yaya Ɗan_Hanya, ko ba ka taɓa komai ba akwai abin da za ka iya da wayarka. Ka ɗauki hoton kowane dutse, ka rubuta abin da ke jiki, ka duba shafin Find a Grave ko an riga an sa ta. Tun 1995 yake, masu sa kai ne ke cika shi. Ka kuma leƙa ɗakin karatu na kawuntin. A shekarun 1930 hukumar WPA, ta gwamnatin tarayya mai samar wa marasa aiki aikin yi, ta sa an bi maƙabartu ana rubuta kaburburan tsoffin sojoji har da zanen wurin, kuma ƙungiyoyin tarihi sun kwafe rubutun duwatsu da yawa tun ana iya karanta su. Mai yiwuwa sunayen yaran nan suna cikin wani tsohon littafi.

Bitrus_A:
In kuma akwai tsohon soja a ciki, ƙofa ce babba. Ka duba ko akwai wani ɗan ƙarfe mai siffar tauraro a soke kusa da dutse, na riƙe tuta ne. Ma'aikatar tsoffin sojoji tana ba da dutse kyauta ga sojan da kabarinsa ba shi da alama, kuma ƙungiyoyinsu sukan bi kaburbura suna sa tuta kafin Litinin ta ƙarshe a watan Mayu, ranar tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi. Wurin da suka sani ba a cika barin sa ya ɓace ba.

Ɗan_Hanya:
Jama'a ga yadda aka yi. Na kira ofishin, wata dattijuwa ta ɗauka, ita ce mai riƙe da asusu, daga kicin ɗinta ma take amsa waya. Ta san wurin. Ta ce suna da maƙabartu biyar a jerinsu, wannan ba ta ciki, don ta iyali ce kuma ba ta taɓa ganin takardar da ta nuna an miƙa musu ita ba. Amma ta ce wani dattijo ya taɓa gaya mata an cire rubu'in eka daga cinikin gonar tun da daɗewa, in haka ne to manomin ma ba shi da ita. Sai an je ofishin rajista an bi takardun baya ɗaya bayan ɗaya.

Na je wurin manomin kamar yadda Yaya Sabo ya ce. Da farko ya tsaya daga bayan ƙofa. Da na nuna masa hoton duwatsun yaran sai ya fito. Ya ce mahaifinsa ne ke yanke ciyawar har ya rasu, shi kuma gwiwa ta hana shi. Ya yarda in shiga da madubi da kyamara, amma ya ce kada in sare bishiyar sai ya yi shawara da 'yarsa. Bilic ɗin na mayar da shi ɗakin wanki, Malam Bitrus.

Da madubin na karanta uku daga cikin huɗun. Babbar shekara 8 da wata 2 da kwana 11, haka aka rubuta, har kwanakin. Na huɗun fuskar dutsen ta zube, ɗan rago kawai ya rage a samansa.

Amintattun suna zama ranar Litinin ta biyu a wata, ƙarfe bakwai na yamma, kuma dattijuwar ta ce kowa na iya zuwa ya yi magana.

Lawwali_K:
In suka ce ba tasu ba ce, manomin ma ya ce ba tasa ba ce, sai ta zama ta wa?

Injiniya_Sabo:
A takarda, ta magadan mutumin da ya cire rubu'in ekar, ko su nawa ne, ko suna ina. Na taɓa bin irin wannan, muka tsaya a mutum sittin da wani abu a jihohi tara, yawancinsu ba su taɓa jin sunansa ba. Ƙanena, in za ka ofishin rajistar ka tafi da lambar kashin filin da ta gundumar, suna jikin taswirar haraji. Ka turo mini ta akwatin sirri in nuna maka inda za ka fara.

Kande_M:
In kun je taron, a tambaye su ko akwai wasu a wajen shingen.